Wasiƙa: Ga mai son fara biliyad mai bango uku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana matasa a kan wani wasa da ba a cika jin labarinsa da Hausa ba. Ni mutumin Kano ne, ina zaune a Santambul, sana'ata ɗaure kaya da aika su gida daga unguwar Laleli. Tambaya ce ta yi mini yawa har na ga gara in amsa ta a wuri ɗaya. Ɗalibanmu da ke karatu a nan Turkiyya, da 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya, sukan leƙa gidan biliyad su ga ƙaton teburi babu rami ko ɗaya, ƙwallo uku kacal a kai, sai su ce wai a ina ake jefa ƙwallon. Na gida kuma su turo mini bidiyon Semih Saygıner, ɗan wasan Turkiyya, ta WhatsApp, ƙwallo na lanƙwasa tana zagaya teburi, su ce in faɗa musu tsakani da Allah, haɗi ne ko siddabaru. Ba ko ɗaya. Mutumin nan shi ya zama zakaran duniya a wannan wasa a 2003, hannu ne kawai da daɗewa a bakin teburi.

Dokar wasan gajera ce. Ƙwallaye uku ne, fara da rawaya da ja. Kai kana da fara, abokin karawarka yana da rawaya, ja kuwa ta kowa ce. Za ka bugi taka da sanda ta taɓa sauran biyun, amma kafin ta isa ga ta biyun dole ta riga ta bugi bangon teburi sau uku ko fiye. Bangon nan roba ce da aka lulluɓe da ƙyalle a gefuna huɗu. Ba lalle sai bango uku daban-daban ba, kuma ba ruwan alƙali ko bango ka fara nema ko ƙwallo. In ka cika sharaɗin ka ci maki ɗaya, ka ci gaba da bugu. In ka kuskure ka koma kujera, ba a rage maka komai. A manyan gasa wanda ya riga kai 40 ko 50 shi ya yi nasara, kuma daƙiƙa 40 ake ba mutum ya yi tunani ya buga.

Abin da nake so mai koyo ya sani tun kafin ya riƙe sanda, don shi ne ke korar mutane, shi ne yawan kuskuren da ke cikin wasan. Ana auna ɗan wasa da matsakaicinsa: a raba makin da ya ci da yawan tashin da ya yi zuwa teburi. Wanda ya ci 10 a tashi 40, matsakaicinsa 0.25 ke nan. Wanda ya kai 1.0 gwani ne a duk garin da ya shiga, zakarun duniya kuwa suna yawo ne tsakanin 1.5 da 2. To, a yi lissafin kasuwa. Kowane tashi da kuskure yake ƙarewa. Ashe mai 1.0 cikin bugu biyu ɗaya ne ke ci. Mai 2, wanda ake tashi tsaye ana tafa masa, cikin bugu uku yana zubar da ɗaya. Mai 0.25 cikin biyar ɗaya yake samu, kuma sabon shiga da ya kai nan a farkon lamarinsa ya yi ƙoƙari, kada kowa ya raina masa. Lokacin da Junichi Komori ɗan Japan ya ci 28 a jere a 1993, labari ne da ya zagaya duniyar wasan, kuma sai a 1998 Raymond Ceulemans ɗan Beljiyam ya kamo shi. Shi wanda ya saba da sunukar bakin titi, inda yake share teburi a tashi ɗaya abokai na ihu, in ya zo nan ya buga goma a jere babu ko ɗaya, sai ya ajiye sanda ya ce wasan ne ba shi da daɗi. Da ya san lissafin nan da bai yi fushi ba.

Maganar da na zo da ita ke nan, Malam Edita: mai son bango uku kada ya fara da bango uku, kuma kada ya fara da lissafin lambobi, wato na ɗige-ɗigen gefen teburi. Ya fara da hannunsa. A makarantar allo ba a ba yaro farfaru sai ya zauna da babbaƙu, kuma haka abin yake a nan. A Beljiyam da Holan da Faransa al'adar ita ce a fara da wasa mai sauƙi, wanda taɓa ƙwallaye biyun kawai ake bukata ba tare da ƙirga bango ba, sau da yawa ma a kan ƙaramin teburi. Daga nan a koma bango ɗaya. A Koriya ta Kudu da yawa suna farawa da wasan ƙwallo huɗu. Ceulemans, da ya ci gasar duniya ta bango uku sau 21, na farko a 1963, na ƙarshe a 2001 yana da shekara 64, zakara ne kuma a bango ɗaya da sauran sassan wasan. Haka Frédéric Caudron, ɗan ƙasarsu. Ba su tsallake ƙananan matakan ba, su ne ma suka ba su laushin hannun da ake yi musu sha'awa.

Akwai wani ɗalibi da na kai gidan da nake wasa, yaro mai kaifin kai, injiniya yake karantawa. Kafin mu isa ya riga ya cika wayarsa da hotunan teburi masu layuka da lambobi. Mai gidan dattijo ne, mai ƙarancin magana, kofin shayi ba ya barin hannunsa. Ya kalli yaron ya yi bugu biyu uku, sai ya zo ya kwashe ja da rawaya ya zuba a aljihun rigarsa, ya ajiye fara ita kaɗai a tsakiyar wannan kai na teburi. Ya nuna masa tsakiyar ɗan gajeren bangon can ƙarshe, ya ce ya buga ta je ta dawo, kuma kada ya ɗaga sanda daga inda ta tsaya. In bugun ya miƙe, ƙwallon za ta dawo ta sumbaci kan sandar. Yaron ya buga, ta dawo ta wuce ta dama da faɗin tafin hannu. Ya sake, ta wuce ta hagu. Dattijon bai ce komai ba sai “yawash, yawash”, wato sannu a hankali, ya koma wajen shayinsa. Yaron ya ji haushi, na gani a fuskarsa. Amma me lamba za ta yi wa mutumin da yake zaton tsakiyar ƙwallo yake bugu alhali gefenta yake taɓawa? Duk lissafin da ke wayar nan an gina shi ne a kan cewa ƙwallo za ta tafi inda aka nufa da irin juyin da aka nufa.

Wannan gwajin shi ne aikin farko, kuma ba ya bukatar abokin wasa. In ta fara dawowa kan sanda, sai a koma ga ƙarfi: a buga ta yi tsawon teburi biyu ta tsaya, sannan uku, sannan huɗu, har hannu ya san bambancinsu ba tare da an tsaya tunani ba. Teburin gasa tsawonsa mita 2.84 ne, faɗinsa 1.42, ƙwallon kuwa milimita 61.5, ta fi ta teburin rami girma da nauyi, don ta haura giram 200. Mutum zai zaci sai an sa ƙarfi. A'a. Ƙyallen santsi gare shi, ba shi da gashi, ƙwallo na gudu a kai kamar ba za ta tsaya ba. Mu da muka taso muna jin daɗin ƙarar fasa ƙwallaye a sunuka, wannan ɗabi'ar ce ta fi wuyar bari. Hannun baya ya riƙe sanda sako-sako, hannun gaba ya kafu a teburi, yawanci da ɗan yatsa ya zagaye sandar, a tura ta ta ratsa wurin da ƙwallon take ta wuce, kai kuma kada ya ɗago sai bugu ya ƙare. A goga alli kafin kowane bugu, domin a wannan wasa gefen ƙwallo ake yawan bugu, kuma kan sanda marar alli zamewa yake.

Bayan hannu sai ido, wato sanin kaurin da za ka ɗauka a jikin ƙwallo ta farko. 'Yan wasa suna raba ƙwallo kashi takwas a zuci, amma mai koyo ya riƙe guda ɗaya tukuna: rabi. Ka saita tsakiyar ƙwallonka daidai da bakin gefen waccan. In taka tana mirginawa yadda ta saba, za ta kauce da kusan digiri 30 daga hanyarta, kuma daɗin abin shi ne ko ka ɗan ƙara kauri ko ka ɗan rage, kaucewar ba ta canzawa sosai. Shi ya sa gwanaye, in suna da zaɓi, suke neman hanyar da za ta ba su rabin ƙwallo. Sai juyi, wanda a nan ake ce wa falso. In ka bugi ƙwallo a gefen da take nufa bayan ta bar bango, juyin yana taimaka mata, ta buɗe ta ƙara gudu daga bango zuwa bango. In ka buga ɗaya gefen, sai ta tsuke ta rage gudu. Mai koyo ya zauna a kan juyi mai taimako, ɗan sama da tsakiya kaɗan zuwa gefe, ya riƙa maimaita wuri ɗaya. Jan ƙwallo baya da lanƙwasa ta irin ta bidiyo, waɗannan su jira.

Sai a nan lambobi suke da amfani, kuma ba na musun amfaninsu. A katakon gefen teburi akwai ɗige-ɗige da suka raba dogon bango kashi takwas, gajere kashi huɗu. Lissafin da ya fi shahara ragi ne kawai: lambar wurin da ƙwallo ta taso, a cire lambar wurin da aka nufa a bango na farko, abin da ya rage shi ne inda za ta sauka a bango na uku. Kusurwa lambarta 50. Ka ajiye ƙwallo kusa da kusurwa, ka nufi ɗigo na uku a dogon bangon da ke fuskantarka, ana ƙirgawa daga can ƙarshen teburi, wato 30. Za ta bugi gajeren bango, ta dawo dogon bangon ɓangarenka a ɗigo na biyu daga can ƙarshen, wato 20, daga nan ta miƙe zuwa kusurwar da ke maƙwabtaka da inda ta taso. Ɗigon da ke kan katako ake nufa, ba bakin ƙyallen da ke gabansa ba, kuma da matsakaicin ƙarfi da juyi mai taimako. Wannan bugu ɗaya ya ishi mai koyo tsawon lokaci, don da shi ake tambayar teburi halinsa. In ƙwallon ta faɗa gajeren bango kafin kusurwa ko ta bugi dogo tun ba ta kai ba, to teburin yau yana da nasa ra'ayi, sai ka gyara lissafinka ya bi shi. Sabon ƙyalle yana sa ƙwallo ta zame ta yi nisa. Tsohon ƙyalle ko mai laima yana sa ta gajarta. Bugu da ƙarfi ma yana gajarta ta. Saboda laimar nan ne ake ɗumama falalen dutsen da ke ƙarƙashin ƙyalle da lantarki, ya ɗara ɗakin zafi da kamar digiri 5. Dattijon namu in ya shigo da safe, kafin ya cire kwat sai ya shimfiɗa bayan hannunsa a kan ƙyallen ya ji ko an kunna, kuma a damunar Santambul, in an manta, ranar kowa sai ya yi ta ƙorafi.

Wani abu da lambobi ba sa faɗa maka shi ne ina ƙwallo ta farko za ta tafi bayan ka buge ta. Sabon shiga idonsa na kan tasa kawai. Sai ta zagaya bango uku lafiya lau, saura taki ɗaya ta isa, waccan da ya buga tun farko ta ɓullo daga wani wuri ta yi karo da ita ko ta ture wadda ake nema. Ba rashin sa'a ba ne, yawancin karon ana iya hango shi. Kafin ka sunkuya, ka bi hanyar ƙwallaye biyun da ido, in sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ka canza kauri ko ka nemi wata hanya. Hanyoyi kuwa ba sa ƙarewa: ƙwallo biyu ne a gabanka, kowace tana da dama da hagu, ga kuma fara neman bango. Ka fi son wadda za ta bar maka ƙwallo ta biyu a kusa da kusurwa, don a can ko ka zo ta gaba ko ta baya, ko ka ƙara bango na huɗu, kana iya samunta. Wadda ke tsaye a tsakiyar teburi ita ce mai wuyar samu.

Ina ba kowa shawarar ɗan littafi a aljihu. Duk wasa a rubuta maki nawa, tashi nawa. Zuciya maƙaryaciya ce a nan, tana riƙe bugu ɗaya mai kyau ta manta da ashirin da suka lalace. Littafi ne zai nuna maka ka tashi daga 0.2 zuwa 0.3, kuma wannan ci gaba ne babba ko da abokanka ba su lura ba. Wasannin manya kuma suna nan a YouTube. Amfaninsu ba a kallo kawai yake ba: ka tsayar da bidiyon kafin mutum ya buga, ka zaɓi hanyarka, sannan ka saki ka ga tasa. Dick Jaspers ɗan Holan ya fi dacewa da mai koyo, don wasansa a tsare yake, ba ya neman burge kowa.

Malam Edita, kada masu karatu su ɗauka abin na Turawa ne zalla. Gasar duniya ta farko, a birnin Reims na Faransa a 1928, ɗan Masar ne ya cinye ta, Edmond Soussa, kuma ya sake ci a 1929. Hukumar wasan ta duniya, UMB, ɗan Masar Farouk Barki ne ya daɗe yana shugabantarta. An yi gasar duniya a Alƙahira a 2018, aka sake yi a Sharm El Sheikh a 2021, kuma Sameh Sidhom na Masar yana cikin waɗanda ake jin tsoron haɗuwa da su. Biyetnam ma da ba a sa ta a lissafi da, a 2023 a Ankara 'ya'yanta biyu ne suka kara a wasan ƙarshe, Bao Phuong Vinh ya ɗauki kofi, shekara ɗaya bayan Tayfun Taşdemir ya kawo wa Turkiyya nata. Ɗalibanmu da ke Alƙahira ke nan su ma abin yana kusa da su. Da shafinku na wasanni zai riƙa ba shi ko layi biyar ne in ana gasa a Masar, da mun gode, ƙwallon ƙafar Ingila ba za ta rage komai ba.

Wanda yake gida, inda teburan da na sani duk masu rami ne, shi ma bai rasa abin yi ba. Ramukan kusurwa suna ɓata zagayen bango uku, wannan gaskiya ne, amma miƙewar sanda da sanin ƙarfi da rabin ƙwallo duk ana koyonsu a kowane teburi mai lafiyayyen bango. A ɗauki ƙwallo uku, a ce taɓa biyu shi ne ci, wadda ta faɗa rami an yi asarar tashi. In hannu ya faɗa a ƙara sharaɗin bango ɗaya.

Saura ladabi da kuɗi. In abokin karawarka yana bugu, ka zauna, kada ka tsaya a gabansa, kada ka goga alli a saitin idonsa. In ya yi bugu mai kyau ana ɗan ƙyasta yatsu ko a ƙwanƙwasa alli a jikin sanda, ba a ihu. In ka ci da sa'a, ka ɗaga hannu ka ba da haƙuri. In rigarka ta taɓa ƙwallo, kai za ka faɗa ko ba wanda ya gani. Kuɗin teburi da awa ake biya, kuma a gidaje da yawa a nan al'ada ce wanda aka cinye shi ke biya. Ni ba na yi, kuma ina hana yaranmu. Malamanmu da dama suna ganin wannan ma caca ce, ita ce kuma ta ɓata wa sunuka suna a wajen iyayenmu a gida. Ban da haka, mai koyo kullum shi ake cinyewa, to kullum shi zai biya, ga shi tsoron biya zai sa ya riƙa gudun bugun da ya kamata ya gwada. Tun kafin a fara a ce raba za a yi, ba wanda zai ji haushi. In lokacin salla ya yi a tsayar da agogo a je a dawo, masu gidajen sun saba.

Sanda kuma kada a yi gaggawar saye. Ta gidan wasa ta isa, a dai mirgina ta a kan teburi a ga ko ta miƙe, a duba fatar kanta ba ta baje ba. In an zo saye, a tuna ta wannan wasa ta fi ta teburin rami gajarta, wajen santimita 140, kanta kuma kusan milimita 12. Kuɗin da za a zuba a mai tsada gara a biya wa awoyin safe, lokacin da gidan ba kowa, mutum ya samu teburi shi kaɗai.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta ku daga Laleli, Santambul, Turkiyya